Kwantena mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40: wacce ta dace da tayil da fitilu?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo neman shawara a kan lamarin da ya shafi kusan dukkan jarin da na tara cikin shekara shida ina sarin tayil a nan Legas ina aikawa Arewa. Bana na yanke shawarar in sayo kai tsaye daga ƙasar Sin. Na riga na yi ciniki da wata masana'anta a Foshan a kan kwali 1,500 na tayil mai faɗin 60 da 60, sannan na sayi kwali 400 na fitilun ado na ɗaki a Guzhen. Wanda yake yi mini hidima a can ya lissafa ya ce girman tayil ɗin kubik mita 25 ne, na fitilun kuma 40, jimilla 65, don haka ya ba ni shawarar in ɗauki kwantena ɗaya mai ƙafa 40, irin mai tsayin nan da ake kira hai-kub, domin a cewarsa tana cin kubik mita 76, har da saura. Maganar ta yi mini daɗi saboda kuɗin kwantena ɗaya ya fi na biyu sauƙi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan hanya su duba mini kafin in tura kuɗin jirgi.

Malam Mai Fiton Kaya, Apapa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaya mana girman kayan, amma ba ka gaya mana nauyinsu ba, alhali a nan amsar take. Kilo nawa ne kowane kwalin tayil, kilo nawa ne kowane kwalin fitila?

Ɗan Agege:
Malam, a takardar jerin kaya da suka turo mini, kwalin tayil kilo 29 ne, guda huɗu a ciki. Kwalin fitila kuma kilo 10.

Malam Mai Fiton Kaya, Apapa:
To, kada ka tura kuɗin nan. Kwali 1,500 sau kilo 29 ya kama kilo 43,500, wato tan 43 da rabi, idan ka ƙara tan 4 na fitilu ka sami tan 47 da rabi, kuma babu kwantena ta gama-gari a duniya da aka yarda ta ɗauki wannan nauyi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai ƙafa 40 ta ninka mai ƙafa 20 a fili ne kawai, ba a ƙarfin ɗaukar nauyi ba. Idan ka je ka tsaya a bayan kowace kwantena ka karanta rubutun da ke jikin ƙofar dama, za ka ga an rubuta iyakar nauyinta da kaya a ciki, da nauyinta idan babu komai, da nauyin kayan da za ta iya ɗauka. A yawancin kwantenonin da muke gani a tashoshin ruwa na Apapa da Tin Kan, iyakar nauyin nan kilo 30,480 ne, ko mai ƙafa 20 ce ko mai 40, wasu sababbi kuma 32,500. Mai ƙafa 20 da kanta tana da nauyin tan 2 da ɗan ɗoriya, saboda haka tana iya ɗaukar kusan tan 28 na kaya. Mai ƙafa 40 kuwa jikinta ya kusa tan 4, don haka kayan da take ɗauka bai cika wuce tan 26 da rabi ba. Ka ga ke nan, idan maganar nauyi ake yi, ƙaramar ma ta ɗan fi babbar.

Dangane da fili, mai ƙafa 20 tana da kubik mita 33, mai ƙafa 40 ta gama-gari 67, hai-kub kuma 76, saboda ta fi su tsayi da ƙafa ɗaya. Amma waɗannan alƙaluma na fanko ne, kamar a ce ruwa za a zuba a ciki. Kwalaye ba sa cika kowane lungu, don haka mu a aikace muna lissafa 26 zuwa 28 ga ƙaramar, sannan 65 zuwa 68 ga hai-kub. Ko da babu matsalar nauyi, kubik 65 ɗinka ya riga ya kai bakin ƙofa.

Alhaji na Alaba:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma ni shaida ne, domin na taɓa biyan kuɗin wannan darasi da hannuna. A farkon shigata harkar kayan gini na sayi ƙusoshi da sarƙoƙi da makullan ƙofa, na ga cewa kuɗin jirgi na mai ƙafa 40 bai kai ninki biyu na mai ƙafa 20 ba, sai na ce ai araha ta samu, na ɗauki babbar. Ranar lodi ina tsaye a bakin sito ina kallo, ba a kai ko rabin kwantena ba sai mai kula da sikeli ya ɗaga hannu ya ce a dakata, nauyi ya cika. Na leƙa ciki na ga kwalaye sun tsaya iyakar gwiwata, daga nan har rufi babu komai sai iska, kuma kashi ɗaya bisa uku na kayana yana nan a ƙasa. Dole na nemi wata kwantena cikin gaggawa, jirgin da na yi niyya ya tafi ya bar ragowar, na biya kuɗin ajiya na mako biyu, a nan gida kuma na biya kuɗin tasha da na tirela irin na babbar kwantena a kan kayan da ƙarama za ta ɗauka ba tare da wahala ba. Tun daga ranar, kafin in tambayi farashin jirgi sai na fara tambayar kaina: kayan nan, nauyinsu ne zai fara cika kwantena ko girmansu? Tayil, ƙarfe, batir, fenti, takarda da kayan gyaran inji na ƙarama ne. Katifa, kujeru, takalma, jakunkuna, fitilu da kayan wasan yara na hai-kub ne. Ɗana, shawarata ita ce ka zuba tayil ɗinka a ƙanana biyu, kwali 750 kowace, fitilun kuma ka nemar musu wata hanya dabam.

Malam Mai Fiton Kaya, Apapa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, a kan ƙa'idar ina tare da kai ɗari bisa ɗari, amma a kan wannan kaya na musamman ina da ɗan saɓani. Idan ya ɗauki ƙanana biyu, tayil zai ci kubik 12 da rabi a kowace, abin da zai rage a sama bai wuce 13 da rabi zuwa 15 da rabi ba, wato fitilun da za su samu wuri ba za su wuce kubik 27 zuwa 31 daga cikin 40 ba, kuma zai koma neman kwantena ta uku ko haɗaka, wato haɗa kayansa da na wasu a kwantena ɗaya. Ni abin da nake gani shi ne ya ɗauki ƙarama ɗaya da hai-kub ɗaya. Ƙaramar ta ɗauki kwali 900 na tayil, tan 26 da kilo 100 ke nan. Hai-kub ta ɗauki ragowar kwali 600, wato tan 17 da kilo 400, a shimfiɗa su a ƙasa, a ɗora fitilu a kai. Jimillar nauyinta zai zama tan 21 da kilo 400, girman kuma kusan kubik 50. Ta haka kwantena biyu sun kwashe komai, kowace tana aikin da aka ƙera ta dominsa.

Direban Tirela, Ijora:
Ina neman afuwar manya, ni ba ɗan kasuwa ba ne, amma shekara 19 ina ɗaukar kwantena daga tashar ruwa zuwa Alaba da kasuwar Trade Fair, wani lokaci har Kaduna da Kano, kuma akwai abin da ba a gani a takarda. Malam, kwali 900 a ƙaramar kwantena, idan ka haɗa da nauyin jikinta, ya haura tan 28, dukkansa kuma a dunƙule cikin tsawon mita 6. Jirgi zai ɗauka, ƙugiyar tasha za ta ɗaga, amma mu da za mu hau gada da ita mu ne muka san abin da ke faruwa. Ba kowace mota ce za ta yarda ta ɗauka ba, wadda ta yarda kuma za ta ƙara kuɗi, sannan taya da sifirin ne suke shan wahala a ramukan hanya. Da ni ne, zan rage ƙaramar zuwa kwali 800, tan 23 da kilo 200, in mayar da kwali 700 cikin babbar. Babbar za ta tashi tan 24 da kilo 300 da fitilun, ba ta kai iyakarta ba.

Abu na biyu da nake roƙo, don Allah ka gaya wa masu lodi kada su tara tayil ɗin a ƙuryar kwantena su bar fitilu a wajen ƙofa. Ƙa'idar lodi ta duniya ta ce kada fiye da kashi 60 cikin 100 na nauyin kaya ya taru a rabin tsawon kwantena. Na taɓa ɗaukar wata mai ƙafa 40 da aka cusa wa injuna a gefe guda, tun daga fitowa ƙofar tasha nake jin sitiyari yana ja na hagu, a kowace kwana sai na ji bayan motar yana neman ɗagawa, tafiyar awa ɗaya na yi ta cikin awa huɗu ina salati. Dukkanmu mun san abin da ya faru a gadar Ojuelegba a watan Janairun 2023, lokacin da kwantena ta faɗo a kan motar fasinja aka rasa rayuka. Mai kaya ya dage a kan motar da makullanta huɗu na kusurwa suke aiki, ya ga an murɗa su da idonsa, kada ya yarda da sarƙa ko igiya a madadinsu.

Malam Mai Fiton Kaya, Apapa:
Na karɓi gyaran nan, 800 da 700 ya fi. In ƙara da cewa tun daga 1 ga Yuli 2016, a ƙarƙashin yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, ba a ɗora kwantena a jirgi sai mai aika kaya ya bayar da tantaccen nauyinta. Zamanin da ake rubuta tan 24 a takarda alhali 31 ne a ciki ya wuce, wanda ya gwada kuma kwantenarsa ce za a bari a tasha.

Alhaji na Alaba:
Lissafin ya fita, ban musa ba. Amma ina so ku dubi abin da kuke shirin haɗawa: tayil mai nauyin dutse da fitilun gilashi a ɗaki ɗaya, su yi fiye da wata guda a teku jirgi yana tangaɗi. Idan layi ɗaya na tayil ya goce, ba za a tsinci komai a fitilun ba sai garin kwalba. Kuma Foshan dabam, Guzhen dabam. Ko dai mota ta bi masana'antu biyu, ko a tara kayan a sito ɗaya, kowanne da kuɗinsa. Ni har yanzu na fi natsuwa da raba su.

Hajiya ta Balogun:
Alhaji, idan an raba su, haɗaka ke nan za a ce ya yi wa fitilun, ni kuwa da haɗaka na fara, na san zaƙinta da ɗacinta. Shekara uku ina kawo jakunkuna da mayafai daga Guwanzu a ƙasar Sin ta haɗaka, kubik 3, kubik 5, kuma ga mai ƙaramin jari babu abin da ya kai ta, domin iyakar wurin da kayanka suka ci za ka biya. Sai dai mutum ya san cewa ana cajin ko dai kubik ɗaya ko tan ɗaya, duk wanda ya fi yawa, shi ya sa kaya mai nauyi ba ya riba a haɗaka. Sannan da kayanka sun kai wajen kubik 13 zuwa 15, idan ka haɗa kuɗin jirgi da na sauke kaya da na sito a nan Legas, za ka ga kuɗin ya kusa na ƙaramar kwantena sukutum. Kubik 40 ba kayan haɗaka ba ne ko kaɗan.

Abin da ya fitar da ni daga haɗaka ma ba kuɗi ba ne. Wata shekara kayana na sallah suka shigo tare da kayan wani da ban taɓa gani ba, ashe ya saka man shafawa ba tare da takardar NAFDAC ba, aka riƙe kwantenar gaba ɗaya, mu goma sha wani abu muka zauna muna jira a kan laifin mutum ɗaya. Da aka saki kayan, sallah ta wuce da mako uku, kwalayena biyu kuma sun sha man da ya zube. Ƙanena, fitilu a haɗaka za a ɗaga su a sauke sau da yawa, a hannun mutanen da ba su san abin da ke ciki ba. A kwantenarka kuwa sau ɗaya za a loda, a rufe, a buga sil, wato hatimin kulle ƙofa, ba za a sake buɗewa ba sai gaban jami'an Kwastan.

Malam Mai Fiton Kaya, Apapa:
Tsoron Alhaji yana da tushe, amma yana da magani. Kwali 700 idan aka shimfiɗa su a dukkan tsawon mita 12, tsayinsu ba zai wuce rabin mita da kaɗan ba, babu wani tsauni da zai rushe. A jera su a tsaye a matse, a toshe duk wani gibi da katako ko jakar iska, a shimfiɗa filawud a kansu, sannan a ɗora fitilu a ɗaure su da bel a ƙugiyoyin da ke jikin bango. Idan za a yi amfani da falet na katako, wato shimfiɗar da ake jera kaya a kanta, a tabbatar yana da tambarin da ke nuna an gasa shi ko an yi masa feshin ƙwari, kuma a sa nauyinsa a lissafi. Ta ɓangaren takardu, tun wajen buɗe Fom M, takardar neman izinin shigo da kaya, a banki ka bayyana kaya iri biyun da lambobinsu na haraji, ka nemi satifiket ɗin ingancin kaya na SONCAP na kowanne, jerin kayan kowace kwantena kuma ya fito dabam. Harajin Kwastan a kan darajar kaya ake lissafa shi, ba ruwansa da girman kwantena. Abin da ke hawa da girmanta shi ne kuɗin tasha, kuɗin kamfanin jirgi, kuɗin jinginar da ake ajiyewa har a mayar da fankon kwantena, kuɗin mota da tarar jinkiri.

Mai Riɗi, Dawanau da Legas:
Ni fitar da kaya nake yi ba shigowa ba, amma ma'aunin ɗaya ne. Riɗi muna loda shi a mai ƙafa 20, buhu 380 mai kilo 50, tan 19 ke nan. Zoɓo kuwa, wanda yawancinsa Meziko yake tafiya, ba ya da nauyi, hai-kub muke nema, kuma ko an danna shi har rufi bai cika wuce tan 12 zuwa 13 ba. Wanda ya sa zoɓo a ƙarama ya yi asarar kuɗin jirgi, wanda ya sa riɗi a babba ya biya kuɗin iska.

Abin da nake so in ja hankalin ɗan'uwanmu a kai shi ne lafiyar kwantenar kanta, domin girman da ya dace ba zai amfane ka ba idan rufin yana yoyo. Ni ba na yarda a fara lodi sai na shiga ciki da kaina an rufe ni da rana tsaka. Idan na ga ko ɗigon haske kamar kan allura, na mayar da ita. Ina shafa katakon ƙasa in ji ko da danshi, in duba ko ƙusa ta fito, in sunsuna ko an taɓa ɗaukar sinadari ko fata, in ja robar bakin ƙofa in ga ko ta tsage. Sannan akwai gumin kwantena: da rana ƙarfe ya yi zafi, danshin da ke cikin kaya da kwali ya tashi, da dare ƙarfen ya huce, ruwa ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kamar yayyafi. Mu muna lulluɓe bango da takarda mai kauri, mu rataya jakunkunan tsotse danshi. Tayil bai damu da ruwa ba, amma kwalinsa idan ya jiƙe sai ya saki, fitilu kuma suna da waya da ƙarfen da ke tsatsa. Ka sa wakilinka ya ɗauko maka hoton cikin kwantena tana fanko, da hoton lambarta, da na sil bayan an rufe.

Mai Kifin Ijora:
Tunda an taɓo nau'o'i, bari in yi gargaɗi ga masu sha'awar kwantena mai sanyi. Aikinta riƙe sanyin da kaya suka shigo da shi, ba daskarar da kaya mai ɗumi ba. Filinta bai kai na ta gama-gari ba saboda kaurin bango da injin da ke gabanta, akwai kuma jan layi a sama wanda ba a ɗora kaya a wuce shi, don iska ta samu hanyar zagayawa. A tasha sai an jona ta da wuta, a kan hanya kuma sai da janareta a jikin mota, kowanne da kuɗinsa.

Shugaban Zaure:
Mun gode. Wani ɗan'uwa ya turo mini tambaya ta gefe a kan injin niƙa da tsayinsa ya kai mita 2 da rabi. Malam, ka taimaka a taƙaice.

Malam Mai Fiton Kaya, Apapa:
Ya auna ƙofa, ba ciki ba. Ƙofar kwantena ta gama-gari faɗinta mita 2.34 ne, tsayinta 2.28, ta hai-kub kuma tsayinta kusan 2.58. Injin mita 2 da rabi zai iya shiga hai-kub da ƙyar idan babu akwati ko katako a ƙarƙashinsa. Idan akwai, sai ya nemi mai buɗaɗɗen sama wadda ake sauke kaya a cikinta da ƙugiya a rufe da tamfol, idan kuma faɗin ne ya yi yawa, sai marar bango, mai shimfiɗa kawai. Duka biyun sun fi tsada kuma ba kullum ake samunsu ba, don haka ya fara tambayar masana'anta ko ana iya kwance kan injin a loda shi gida biyu.

Alhaji na Alaba:
To, na sauko, da sharaɗin filawud da ɗaurin da Malam ya bayyana, kuma yaron nan ya yi wa kayan inshora mai ɗaukar fashewa. Ɗana, abu ɗaya ya rage: hai-kub ba ta shiga kowane lungu. Ka je ka dubi hanyar sitonka, faɗin kwana da wayoyin wuta da ke sama, kuma ka tanadi masu sauke kaya tun kafin mota ta iso, domin kwanakin da kamfanin jirgi yake bayarwa kyauta ƙidayayyu ne, duk ranar da fankon ya ƙara a hannunka daga kuɗin jinginarka za a cire.

Ɗan Agege:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Na kira wakilin nawa yanzu, ya amsa cewa girma kawai ya lissafa, bai duba nauyi ba. Na umarce shi ya nemo farashin mai ƙafa 20 ɗaya da hai-kub ɗaya a jirgi guda, kwali 800 a ƙaramar, 700 da fitilu a babbar, a tara kayan a sito ɗaya a Foshan. Da yamma na je na dubi layin sitona kamar yadda Alhaji ya ce, kuma gaskiya babbar mota ba za ta iya juyawa a kwanar ba, don haka na yi magana da wani maƙwabci mai fili a bakin titi, a can za a sauke babbar a kwashe da ƙananan motoci. Malam, gobe bayan azahar zan kawo maka jerin kayan a ofis ka duba lambobin haraji kafin in shiga banki.